Kafin a aza tubali a tsohon filin masana'anta: yadda ake tsabtace ƙasar da ta sha guba a Maradi

Garin Maradi ya faɗaɗa har ya haɗiye wuraren da a da ake gani a bayan gari. Tsohuwar majema, garejin manyan motoci, sito na ajiye maganin ƙwari da iri, wurin tara gangunan mai, duk yanzu gidaje sun kewaye su. Idan hukuma ta tashi neman fili mai faɗi don makaranta ko asibiti ko ofishi, irin waɗannan kangaye ne ke fara zuwa a rai: suna tsakiyar jama'a, kuma ba sai an biya diyyar gona ba. Sai a turo katafila ta baje kango, a zuba jan burji, a danne, a ce fili ya gyaru. Ido ya ga wuri tas, amma abin da ƙasa ta sha shekara 30 yana nan ƙarƙashin burjin.

A Amurka an taɓa yin wannan gangancin a unguwar Love Canal da ke birnin Niagara Falls. Wani kamfanin sinadarai ya binne kusan tan 21,000 na shara mai guba a wani tsohon rami, ya rufe da ƙasa, ya sayar wa hukumar makarantu da filin a kan dala 1 a 1953. Aka gina makarantar firamare, aka buɗe ta a 1955. Sai a 1978, bayan ruwa ya riƙa tura sinadarin cikin gidaje da filin wasa, aka rufe makarantar aka kwashe ɗaruruwan iyalai. Daga nan Amurka ta yi dokar tsabtace gurɓatattun filaye ta 1980.

Aikin tsabtace fili ya rataya ne a kan tambaya 3: wace guba ce a ciki, ta wace hanya za ta kai jikin mutum, kuma wane ne mutumin. Filin da za a shimfiɗa wa kankare a mai da shi wurin ajiye motoci ba ɗaya yake da filin makarantar da yara ƴan shekara 6 za su yini suna birgima a ƙasa suna cin ƙosai da hannun da ba a wanke ba. Saboda haka sai an san ginin da za a yi kafin a san iya tsabtar da ake nema.

Tarihin fili ya fi na'ura sauƙin kuɗi

Kafin a haƙa ko taku ɗaya, a nemi tarihin wurin. Takardun fili a ma'aikatar magajin gari da ofishin safiyo, tsofaffin hotunan sama, sannan uwa uba tsofaffin ma'aikata da mai gadi da mai unguwa. Tsohon lebura zai nuna maka da sandarsa inda ake tuttular da ruwan jima, inda tankin gazuwal yake a binne, da kwatamin da aka cike aka manta. Rabin yini da shi yana iya rage maka ramukan gwaji 10.

Kowace sana'a da irin abin da take bari. Maradi gari ne na fata, jar akuyarta ta yi suna har Turai. Jimar gargajiya da bagaruwa da toka ba ta barin abin tsoro sosai, sai dai gishiri da ɗoyi. Jimar zamani kuwa da gishirin kurom ake yi, kuma laka mai launin shuɗi-kore da ake samu a ramukanta kurom ne mai lamba 3, wanda ba ya yawo sosai a ƙasa. Matsalar tana zuwa idan an ƙone tarkacen fatar, musamman in da farar ƙasa a haɗe: sai wani kaso ya juye ya zama kurom mai lamba 6, mai launin rawaya, mai narkewa a ruwa, mai jawo ciwon daji. Don haka a tsohuwar majema, wurin da ake ƙona shara ya fi ramin jima kansa buƙatar bincike. Akwai kuma ƙwayar ciwon saifa da ke zama a ƙasa shekaru da dama inda aka binne fata ko mushe.

Gareji da wurin ajiye mai suna barin baƙin mai, gazuwal da fetur. A garin da ya daɗe yana cinikin mai a ganguna da jarkoki saboda kusancinsa da iyakar Najeriya, ba sai wurin yana da allon gidan mai ba kafin a yi masa zato. Inda ake fasa batir ana narka dalma, nan ne mafi haɗari ga yara. Sito na auduga da gyaɗa da na yaƙi da fara yana iya ɗauke da ragowar tsofaffin magunguna irin su diyaldirin, wanda aka yi ta fesa wa fara a Sahel har cikin shekarun 1980, kuma ba ya ruɓewa da wuri. Tsohuwar taransifoma tana iya yoyon mai mai ɗauke da wani sinadari mai guba da ake kira PCB. Rufin tsohon sito kuwa, in irin farin kwanon siminti ne mai kaushi, a ɗauka akwai asbesto, wani zare mai ƙurar da ke cutar da huhu, a ciki har sai gwaji ya ce babu.

Ɗibar samfuri

A fili mai eka 2 da rabi, wato hekta 1, a ja layuka kowane mita 20, a samu gida 25, a ɗebi ƙasa a kowane gida. Inda tarihi ya nuna akwai abu, a matse tazarar zuwa mita 5 ko 10. Kowane rami ana ɗiba hawa-hawa: santimita 10 na sama, wanda shi ne yara ke taɓawa kuma iska ke ɗauka, sai rabin mita, sai mita 1, sai kowane mita har a wuce inda launi da wari suka ƙare. A kuma ɗebo ƙasa daga wani wuri mai tsabta nesa da filin don a san yadda ƙasar yankin take tun asali.

Kurakuran nan ƙanana ne amma suna ɓata sakamako gaba ɗaya. Ba a wanke shebur ko bututun haƙa tsakanin rami da rami, sai gubar rami na 3 ta bayyana a rami na 4. Ana zuba samfurin ƙasa mai fetur a leda a bar shi a bayan mota cikin zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40. Kafin ya isa ɗakin gwaji a Yamai, abin da ake nema ya tashi sama, sakamako ya dawo cewa ƙasa lafiya lau. Irin wannan samfuri kwalbar gilashi yake so, a cika ta taf, a rufe, a sa cikin kula da ƙanƙara wajen digiri 4. Kuskure na uku shi ne haɗa ƙasar rami 10 a buhu ɗaya don rage kuɗin gwaji: ramin da ya fi guba sai ya ɓace a cikin 9 masu tsabta.

Don ƙarafa irin dalma akwai na'urar hannu ta XRF, mai kama da bindigar wasa, wadda ake ɗora wa ƙasa ta ba da lamba cikin minti 1. Tana da amfani ƙwarai wajen zana iyakar wurin da ya gurɓata, amma jiƙaƙƙiyar ƙasa tana rage mata lamba, kuma ba ta bambanta kurom mai lamba 3 da mai lamba 6. Dole a tura wani kaso, ko da 1 cikin 10, zuwa ɗakin gwaji don a tabbatar. Kafin a sa hannu a kwangila, a tambayi ɗakin gwajin ko wane sinadari yake iya aunawa da kansa, don gwajin PCB da tsofaffin magungunan ƙwari sau da yawa sai an fitar da samfuri waje, kuma hakan yana cin makonni.

Ruwan ƙasa shi ne inda Maradi ke da rauni. Ƙasar tudu rairayi ce, mai da ruwan guba suna ratsa ta kamar rariya, kuma gangaren gari yana fuskantar Gulbin Maradi, inda ruwa ke kusa da sama, inda lambuna da rijiyoyi suke. Ana buƙatar rijiyar sa ido aƙalla 3: ɗaya ta inda ruwa ke shigowa filin, biyu ta inda yake fita. Da ukun ne ake gane inda ruwan ƙasa ya dosa. A auna sau 2, a ƙarshen rani da kuma bayan ruwan Agusta, domin idan ruwa ya taso yakan wanko man da ya maƙale a sama. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ga ruwan sha shi ne maikirogiram 10 na dalma a lita, 50 na kurom, 10 na benzin da ke cikin fetur. Ma'ana giram 1 na benzin ya isa ya kai lita 100,000 bakin iyaka, fiye da tankar ruwa 3 manya. Mai haƙa rijiyar gwaji shi ma yana iya jawo ɓarna: in ya huda shimfiɗar yumɓu bai liƙe gefen bututu da siminti ba, ya buɗe wa gubar sama hanya zuwa ruwan ƙasa mai zurfi. Mutanen Tibiri, garin da ke kusa da Maradi inda ruwan famfo ya taɓa nakasa yara, ba sa buƙatar a gaya musu abin da ruwan da ba a bincika ba yake yi wa ƙashin yara. Nasu sinadarin fuloraid ne na cikin dutse, ba na masana'anta ba, amma darasin gwaji ɗaya ne.

Me za a yi da ƙasar

Nan ne kuɗi ke tafiya, kuma nan ne binciken kirki ke biyan kansa. A ce gwaji ya nuna gurɓatar ta tsaya a wuri mai mita 30 a tsaye, 20 a kwance, zurfin mita 1 da rabi. Kubik mita 900 ke nan, kusan tan 1,500. In an haƙe ta takan kumbura da kusan kashi 25 cikin 100, ta zama kubik 1,125, wato sawu 113 na tifa mai cin kubik 10. Wanda bai yi bincike ba ya ce a kankare santimita 30 a duk hektar zai kwashe kubik 3,000, sawu fiye da 370, kuma ya bar mita 1 da ɗoriya na ainihin gubar a inda take.

Idan mai ne, gazuwal ko baƙin mai mara yawa, zafin Maradi yana taimakawa. Ana shimfiɗa leda mai kauri, irin baƙar HDPE mai milimita 1.5, a yi mata gefe da tudun ƙasa don kada ruwa ya gudu, a baza ƙasar kaurin santimita 30, a cuɗa ta da takin dabbobi da ɓawon gyaɗa ko ƙaiƙayi, a ƙara ɗan takin zamani. Ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa su ne ke cinye man. Abin da suke so iska ce da laima da abinci, kusan kashi 100 na kabon ga 10 na naitirojin ga 1 na fosforas. Ana juya ƙasar da garma kowane mako ko biyu, ana yayyafa ruwa har ta dunƙule a hannu ba tare da ta ɗiga ba. Kubik 1,125 na buƙatar fili mai murabba'in mita 3,750, abin da masu tsara aiki ke yawan mantawa. Gazuwal yakan sauka cikin watanni. Baƙin man inji yana da taurin kai, yana iya haura shekara. Abin da ke kashe aikin a nan shi ne bushewa: a bar shi mako 2 babu ruwa a watan Maris, ƙwayoyin su kwanta, aiki ya tsaya cak. A damina kuma, in babu tamfol da ramin tara ruwa, ruwan sama ya ɗauki man ya bi kwata.

Dalma da kurom ba sa ruɓewa. Ko a kwashe su, ko a ɗaure su, ko a rufe su. Batir ɗin mota ɗaya yana ɗauke da kusan kilo 10 na dalma, wanda ya isa ya kai tan 25 na ƙasa ma'aunin miligiram 400 a kilo, lambar da Amurka ta daɗe tana amfani da ita a wurin wasan yara kafin ta sauke ta zuwa 200 a 2024. Yaro yana tsotse dalmar da ya haɗiya ninki 4 zuwa 5 fiye da babba, kuma babu wani adadi a jini da aka ce ba ya cutarwa. A Zamfara a 2010, gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma. Tsabtacewar da aka yi ba da wata babbar na'ura aka yi ta ba: fartanya da shebur da buhu, a kankare kusan santimita 5 na sama, a auna da XRF, a zuba sabuwar ƙasa, a binne tsohuwar a ramin da aka keɓe. Ya yiwu haka ne don gubar ƙura ce da ta kwanta a sama. A wurin fasa batir, inda ruwan asid ya ja dalma ƙasa, sai an nutsa fiye da haka.

Ɗaurewa shi ne cuɗa ƙasar da siminti, yawanci kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na nauyinta, don ƙarfen ya kulle a ciki. Ba a ƙiyasta adadin da ka. Ana gwada ƙananan dunƙule a ga wanda ruwa ba ya fitar masa da guba. In siminti ko farar ƙasa ta yi yawa, dalma takan sake narkewa, an gudu ba a tsira ba. Kurom mai lamba 6 kuwa siminti ba ya riƙe shi. Sai an fara zuba masa sinadarin ƙarfe mai salfet ya mayar da shi mai lamba 3.

PCB da tsofaffin magungunan ƙwari ba abin da za a yi wa dabara a gida ba ne. Ƙona su a fili yana haifar da dayoksin, wanda ya fi su muni. Ana ɗura su a ganguna masu lamba, a ajiye a rufaffen wuri mai daɓen kankare, a fitar da su zuwa tanderun da ke ci sama da digiri 1,100, bisa ƙa'idar Yarjejeniyar Basel ta 1989 da ta Bamako ta 1991. Man da ya haura miligiram 50 na PCB a kilo yana cikin wannan sahu. Asbesto a jiƙa shi, a kwance kwanon ɗaya-ɗaya ba tare da fasawa ba, a naɗe a leda ninki 2 a binne. Wannan kafin katafila ta taɓa ginin, ba bayan ta ragargaza shi ba. Tankin mai da ke binne a zuƙe shi, a wanke, a cika da ruwa, a auna tururi kafin mai walda ya matso. Tankin da babu mai a ciki ya fi cikakke saurin fashewa.

Ina tifa ta nufa

A ganinmu, a Maradi ba a filin ake faɗuwa ba, a bakin ƙofarsa ne. Ƙasa kaya ce mai kasuwa. Duk tulin da aka jibge a bakin titi, kafin magariba masu amalanke sun fara ɗiba: wannan zai cike tsakar gidansa kafin damina, wancan zai buga tubali, wani ya ga baƙar ƙasa ya ɗauka taki ce ya kai lambu. Direban tifa ma in an ce masa ya kai kilomita 15, ga mai neman ciko a unguwar da ke kusa yana miƙo jika 5, ba sai an faɗi abin da zai faru ba. Gubar da take a killace a wuri ɗaya sai ta watsu a gida 50, inda ba mai sake gano ta.

Maganin ba ya buƙatar fasaha. A tanadi ramin binnewa tun kafin a fara haƙa: nesa da fadama da rijiyoyi, a kan tudu, da daɓen yumɓu da leda a ƙasa, da rufi a sama, da shinge. Kada a yi amfani da tsohon kududdufi don kawai rami ne da ake son cikewa. Ruwan damina a nan yake taruwa yana nutsewa. Kowane sawu ya tafi da takarda mai lamba, a sa hannu a wurin lodi, a sa hannu a wurin juyewa, kuma a biya ɗan kwangila bisa takardun da suka dawo, ba bisa girman ramin da ya bari ba. A rufe tifa da tamfol, a wanke tayoyi a ƙofa. A zauna da mai unguwa da limamai da shugaban masu amalanke a yi musu bayani dalla-dalla, don allon gargaɗi da Faransanci ba ya hana kowa ɗibar ƙasa.

Lokacin haƙa ma yana da nasa lissafi. Damina ba ta yi, rami ya cika da ruwa, gefensa na rairayi ya rufta. Tsakiyar hunturu iska daga arewa maso gabas tana kwasar ƙura ta kai gidajen da ke kudu da yamma. Don haka a riƙa jiƙa wuri kafin a haƙa, a rufe tuli kowane dare, a dakata ranar da iska ta yi ƙarfi. Leburori su samu takunkumi mai tace ƙura, ba ƙyalle ba, da takalmin roba da safar hannu, da wurin wanka da canja kaya a filin. Kayan aiki ba sa zuwa gida, don matar da za ta wanke su da jaririn da ke bayanta su ne za su sha ƙurar. Ba a cin abinci ko goro a cikin shinge.

Bayan an gama haƙa, a ɗebi samfuri a gindin rami da bangonsa 4 kafin a cike. Ƙasar cikon ma a gwada ta. An sha fitar da guba a shigo da wata daga bola.

Ginin kansa

Ba kullum ake iya kwashe komai ba. Abin da ya rage sai tsarin gini ya yi la'akari da shi. A ɗora ginin da daɓen kankare a kan ɓangaren da ya fi shakku, a bar filin wasa da lambun makaranta a ɓangare mai tsabta. Inda za a bar ƙasa a buɗe, a shimfiɗa raga mai launi a matsayin alama, a zuba ƙasa mai tsabta aƙalla santimita 60 a kai. Kada a shuka zogale ko mangwaro ko wani abin ci a wurin da aka rufe. Idan akwai ragowar fetur a ƙasa, tururinsa yana bin tsagar daɓe ya taru a aji: a sa tsakuwa da bututu mai huji-huji a ƙarƙashin daɓe, a rufe da leda, a fitar da bututun sama da rufi. Bututun ruwan sha na roba mai yana ratsa shi, sai a bi da shi ta ƙasa mai tsabta ko a sa na ƙarfe. Ƙasar majema da ta wurin batir tana da salfet mai cin kankare, don haka harsashi na buƙatar simintin da ke jure masa. Rijiyar burtsatse a cikin filin kuwa a haƙura da ita sai gwajin ruwa na shekaru ya ba da dama, kuma ramin masai da na ruwan wanka kada su faɗa inda aka rufe guba.

Ta fuskar doka, Nijar tana da dokar muhalli mai lamba 98-56 ta 1998, wadda ta ɗora nauyin gyara a kan wanda ya ɓata, da doka mai lamba 2018-28 ta 2018 kan binciken tasirin ayyuka ga muhalli, wanda hukumar ƙasa mai kula da wannan bincike, BNEE, ke dubawa. Sai dai masana'antar da ta rufe shekara 30 da suka wuce ba ta da wanda za a kama, kuɗin kan mai sabon gini yake komawa. Shi ya sa ya kamata kuɗin bincike ya shiga kasafi kafin a zaɓi fili, a kuma ware wani kaso na ko-ta-kwana, domin da wuya a haƙa irin wannan wuri ba a ci karo da ganga ko kwatamin da babu shi a taswira ba. A rubuta a kwangila cewa in hakan ta faru aiki zai tsaya a wurin, kuma za a biya ɗan kwangila kwanakin jira. In ba haka ba zai mayar da ƙasa ya yi shiru.

Taswirar ƙarshe, mai nuna inda aka kwashe, inda aka rufe da zurfin ragar alama, a ajiye kwafinta a ma'aikatar magajin gari, a ofishin muhalli na jiha, da kuma ofishin shugaban makarantar ko asibitin. Rijiyoyin sa ido a yi musu murfi da kwaɗo, a ci gaba da aunawa sau 2 a shekara na aƙalla shekara 3. Duk mai haƙa da zai zo daga baya, ko na sabon masai ko na ƙarin aji, a nuna masa taswirar, a gaya masa in ya ga raga mai launi ya ajiye diga ya kira injiniya.